Furojekta ɗaya, alkawari biyu: nazarin manhajar aron kaya da wani mai sito ya haɗa da Access

Wannan bayanin wani mai kula da sito ne a wata cibiyar horar da ma'aikata, ba zan kama sunansa ko sunan wajen ba, mai sito kawai zan riƙa ce masa. Aikinsa bada aron kaya ne, laftof, furojekta, kyamara, lasifika da tarkacen wayoyinsu. Malami ya zo ya karɓa, ya yi aji da shi, ya dawo da shi. A baki abin ba wuya, amma da kayan suka yi yawa masu aron ma suka yi yawa, sai fayil ɗin Excel da yake rubuta komai a ciki ya fara gagararsa. Mutum ɗaya an rubuta sunansa kala uku, in mataimakinsa ya buɗe fayil ɗin a ɗaya kwamfutar shi kuma sai dai ya kalla ba damar rubutu, wata rana ma wani ya jera layin sunaye shi kaɗai ya bar sauran yadda suke, kowa ya tashi da kayan da ba shi ya ara ba.

A nan ne ya lura ashe akwai Microsoft Access a kwamfutar ofis ɗin, yana nan tare da su Word da Excel ba wanda ya taɓa buɗe shi. Ga wanda bai san shi ba, Access tsohuwar manhaja ce, tun 1992 ta fito, a Windows kaɗai take aiki, kuma abin da ya sa mutane ke sonta shine a fayil ɗaya zaka samu tebur na ajiye bayanai, kuweri na tambayar bayanan, fom na shigarwa, rahoto na bugawa, makro, da wajen rubuta kod na VBA, wato yaren rubuta umarni na manhajojin Office. Wato mutum ɗaya a zaune zai iya haɗa cikakkiyar manhaja ta ofis ba tare da ya kira kowa ba. Wannan sauƙin nata kuma shine tarkon nata.

Abin da ya fara ginawa

Ya ɗauko shafin Excel ɗin nan yadda yake ya shigo da shi Access ya zama tebur, ya sa masa suna Aro. Ya danna maballin da ke haɗa fom da kansa, sai ga fom tsaf. Ya ƙara tebur na biyu mai suna Kaya, kowane kaya da layinsa, da wani gurbi da ya kira Yanayi, a ciki ana rubuta "Yana nan" ko "Ya fita".

Sai makro. Makro ɗin Access ba irin na Excel bane da zaka danna rikodin ya riƙa bin abin da kake yi, a nan jerin umarni ake baka ka zaɓa ɗaya bayan ɗaya, OpenForm ya buɗe fom, OpenQuery ya gudanar da kuweri, MessageBox ya fito da saƙo, da If na sharaɗi. Gaskiya ga mai koyo abu ne mai daɗi, baka rubuta komai ba amma ka danna maballi abu ya motsa. Ya yi maballi biyu. "Bayar" yana adana layin aron sannan ya kunna kuweri da zai je teburin Kaya ya nemo sunan kayan ya mayar da Yanayi "Ya fita". "Dawo" kuma ya yi akasin haka. Da yake duk lokacin da irin wannan kuwerin zai canja bayanai Access sai ya tambaya, yana cewa zaka canja layi kaza ka yarda, abin ya ishe shi, sai ya samo umarnin SetWarnings ya kashe tambayar gaba ɗaya. Ku riƙe wannan, zamu dawo kansa.

Manhajar ta yi aiki, ogansa ya yaba, har aka fara turo mutanen wasu sassa su zo su gani.

Inda ta fashe

Wata malama ta aiko tana son furojekta don wani taro da za a yi washegari. Mai sito ya duba allo, furojekta ta biyu "Yana nan", ya ce an ajiye mata. Da safe ta zo karɓa, aka tarar wajen ajiye ta wayam, furojektar tana hannun wani malami tun makon da ya wuce. Ta ce masa "Malam, ai kai ka ce min tana nan", ya juya mata allon ya nuna mata, ga shi kuwa a rubuce. Taron dai ya fara a makare, kuma da aka bi kantocin aka ƙirga sai aka tarar ba ita kaɗai bace, akwai kayan da ke ajiye a sito allo na cewa sun fita, akwai waɗanda suka fita allo na cewa suna nan.

Da aka zauna aka bi layukan, hanya uku aka gano da ƙarya ke shiga.

Ta farko, mataimakinsa yakan cika fom ɗin ya rufe shi da alamar X ɗin sama ba tare da ya danna "Bayar" ba. Wanda ya saba da Excel zai ɗauka in bai adana ba ai ba abin da ya shiga, amma Access da zarar ka bar layi ko ka rufe fom ya adana maka da kansa. Kenan layin aron ya shiga, makron da zai canja Yanayi kuma ba wanda ya tashe shi.

Ta biyu ita ce ta cinye furojektar malamar. Da hannu ake rubuta sunan kaya a fom, a teburin Kaya an rubuta "Furojekta 2", mataimakin ya rubuta "Furojekta2" ba tazara. Kuwerin ya je nema bai samu mai wannan sunan ba, ya canja layi sifili, ya dawo abinsa. Da ba a kashe gargaɗin ba da Access ya faɗa ƙarara cewa layi 0 zai canja, kuma da wani ya ankara. Wannan ba kuskure bane a wajen kwamfuta, an ce ta nemo ta canja, bata samu ba, shikenan.

Ta uku kuwa, idan aka yi sauri wani lokacin tebur ɗin ake buɗewa kai tsaye a gyara kwanan wata, a tebur kuma babu maballi balle makro.

Maganin da ya fara yi, da dalilin da ya sa bai yi ba

Abin da kusan kowane mai koyo zai yi shi ya yi, ya ƙara makro. Ɗaya a lokacin rufe fom, ɗaya mai goge tazara daga sunaye, ɗaya kuma AutoExec, wanda ke tashi da kansa duk lokacin da aka buɗe fayil, ya sa shi ya riƙa bin teburan biyu yana daidaita su. Gyaran gangar auzinawa kenan, don yanzu makron rufe fom da na maballi suna iya tashi a kan aro ɗaya, kuma in an samu saɓani shi kansa baya iya cewa wanne ne ya taɓa layin.

Ni a ganina a nan ne darasin lamarin yake gaba ɗaya. Magana ɗaya, wato "furojekta ta biyu tana waje", an rubuta ta a wuri biyu, a teburin Aro da kuma gurbin Yanayi. Duk abin da ka rubuta a wuri biyu to ka ɗaukar wa kanka aikin gadin su har abada kada su saɓa, kuma duk yawan makron da zaka zuba akwai ƙofar da baka tsare ba. Tun 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya fitar da tsarin da irin waɗannan rumbunan bayanai ke tafiya a kai, kuma ƙashin bayan ƙa'idojin tsara tebur da suka biyo baya shine kowace magana ta zauna a wuri ɗaya tak. Mai sito ya tsallake wannan ya tafi wajen maballi, don maballi ake gani, tsarin tebur ba mai yaba maka a kansa.

Sake gini daga ƙasa

Tebur uku aka koma. Mutane, kowa da layinsa ɗaya. Kaya, kowane kaya da layinsa ɗaya. Aro, wanda ba sunan kowa a cikinsa sai lambobi: lambar mutum, lambar kaya, ranar fita, ranar da ya kamata ya dawo, da ranar da ya dawo ɗin. Lambobin nan Access ne ke bada su da kansa da nau'in gurbin AutoNumber, kuma su ne makullin kowane tebur, basa maimaituwa. Aka shiga tagar Relationships aka ɗaure teburan, aka kunna Enforce Referential Integrity, wanda ke nufin ba zaka iya rubuta aron kayan da babu shi a teburin Kaya ba, kuma ba zaka goge mutum alhali akwai layukan aro da sunansa ba. A fom kuma aka cire wajen rubuta suna da hannu aka sa akwatin zaɓi, kana ganin suna amma lamba ce ke shiga. Matsalar tazara ta mutu a nan ba tare da layin kod ko ɗaya ba.

Gurbin Yanayi kuwa goge shi aka yi ɗungurungum. Mai sito ya ɗan yi gardama a nan, yana cewa toh ta yaya zai san abin da ke nan. Amsar ita ce tambaya ake yi, ba ajiyewa ake ba. Kaya yana waje idan akwai layinsa a teburin Aro da ranar dawowarsa ba komai. Kuweri ɗaya ke fito da wannan, kuma ko ta fom aka shigar, ko ta X aka rufe, ko tebur aka buɗe kai tsaye, amsar ɗaya ce tunda wuri ɗaya ake dubawa.

A nan ya ci karo da Null. Gurbin da ba a cika ba ba sifili bane kuma ba rubutu mara harafi bane, "ba a sani ba" ne, saboda haka in ka rubuta sharaɗi cewa ranar dawowa = Null ba zai taɓa baka ko layi ɗaya ba, sai dai ka ce Is Null. Haka in ka tara lamba da Null sakamakon Null ne, shi ya sa ake amfani da Nz a mayar da shi sifili kafin lissafi.

Abin da ya fi cin lokaci a duk aikin ba fasaha bace, tsaftace tsofaffin bayanai ne, zama a tantance cewa wannan sunan da wancan mutum ɗaya ne. Ba gajeriyar hanya, da ido aka yi.

Lokacin da kod ya shigo

Yanzu saura doka ɗaya, kada a bada kayan da bai dawo ba. A nan ya fara VBA, yaren da ya shigo Access tun sigar 95 ya maye gurbin Access Basic. Hanyar da ya bi ta koyo ta burge ni, akwai umarni a Access mai suna Convert Macros to Visual Basic, yana ɗaukar makronka ya mayar da shi kod, sai ya riƙa juya nasa makron da ya riga ya san abin da suke yi yana karanta yadda suka koma. Ya ga OpenForm ya zama DoCmd.OpenForm, ya ga yadda ake kama kuskure da On Error GoTo. Wannan ya fi masa kallon darasin da aka gina a kan misalin wani.

Dokar an sa ta ne a BeforeUpdate na fom ɗin, wato daidai lokacin da Access ke shirin adana layi, ko ta wace hanya mutum ya bi a fom ɗin:

Private Sub Form_BeforeUpdate(Cancel As Integer)
 If Me.NewRecord Then
  If DCount("*", "Aro", "LambarKaya=" & Me.LambarKaya & " AND RanarDawowa Is Null") > 0 Then
   MsgBox "Wannan kayan bai dawo ba tukuna."
   Cancel = True
  End If
 End If
End Sub

Bambancin wannan da maballin "Bayar" na da shine maballi sai an danna shi, wannan kuwa ba ruwansa da abin da ka danna. Don adalci, wannan ɗin makro ma zai iya yin sa, akwai CancelEvent. Inda makro ya tsaya cak shine da aka ce malami zai ari laftof da furojekta da lasifika a lokaci ɗaya, kuma ko dai duka su shiga ko kada ko ɗaya ya shiga. Wannan sai an zagaya kan jerin kayan ɗaya bayan ɗaya a cikin abin da ake buɗewa da BeginTrans, in komai ya tafi daidai a rufe da CommitTrans, in ɗaya ya ƙi a yi Rollback komai ya koma yadda yake. Ya kuma daina kashe gargaɗi, ya koma CurrentDb.Execute tare da dbFailOnError, sannan ya duba RecordsAffected, in layi sifili aka canja inda ake sa ran ɗaya, kod ɗin ya yi magana.

Sauran abubuwan da suka ɗan wahalar da shi ƙanana ne amma duk mai wannan hanyar zai taka su. Rashin Option Explicit a saman kod, ka yi kuskuren harafi ɗaya a sunan ma'ajin ƙima VBA ya ɗauka sabo ne ya ci gaba shiru. Akwatin neman suna da ke aiki lafiya har ranar da aka nemi suna mai ɗauke da alamar ɗauri irin A'isha ko Sa'adu, sai kuweri ya karye, don a SQL, yaren da ake rubuta kuweri da shi, wannan alamar ita ke rufe rubutu, dole a ninka ta biyu da Replace ko a yi amfani da kuweri mai karɓar ƙima daban. Sai kwanan wata, wanda ya fi su mugunta: in ka haɗa SQL da hannu Access tsarin Amurka yake karantawa, wata kafin rana, saboda haka 03/04 a wajensa 4 ga Maris ne ba 3 ga Afrilu ba, amma 25/04 zai gane shi daidai tunda babu wata na 25, kenan rahotonka zai yi ƙarya ne kawai daga 1 zuwa 12 ga wata, sauran kwanakin ya yi gaskiya. Maganin shine a riƙa tura kwanan da shekara a gaba, sai wata, sai rana. Kuma tagar rubuta VBA bata ɗaukar haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ, alamar tambaya suke komawa, duk da cewa tebur da fom suna ajiye su lafiya lau, shi ya sa ya ajiye dogayen saƙonninsa a wani ɗan tebur yana nuna su ta fom.

Abin da ya fi canja masa tunani dai maballan F9 da F8 ne, ka tsayar da kod a layin da kake zargi ka riƙa taka shi layi layi kana ganin abin da ke cikin kowace ƙima. Daga nan ya daina canke.

Dokar cewa ranar dawowa ba zata riga ranar fita ba kuwa ba a sa ta a kod ba sam, a tebur aka sa ta a Validation Rule, tunda abin da tebur zai iya tsarewa da kansa ba dalilin ɗora wa fom. Tun Access 2010 ma akwai makron da ake liƙawa a jikin tebur kansa, wanda ke tashi ko da mutum ya kewaye fom.

Rabawa ga sauran ma'aikata

Da farko fayil ɗaya ya ajiye a foldar da kowa ke shiga, kowa na buɗe shi. Wannan hanya ce da ta shahara wajen lalata fayil. Aka raba shi gida biyu da Database Splitter, teburan su kaɗai a fayil ɗaya a foldar tarayya, fom da kuweri da kod a wani fayil da kowa ke da kofinsa a kwamfutarsa. Amfanin biyu ne, in zai gyara fom baya taɓa bayanai, kuma in na wani ya lalace sai a bashi sabon kofi. Kofin da ake rabawa an mayar da shi ACCDE don kada a buɗe kod ɗin, waɗanda basu da Access kuma aka sa musu Access Runtime wanda Microsoft ke bayarwa kyauta. Nan ma sai da aka yi tuntuɓe, ACCDE da aka haɗa a Office mai bit 64 baya buɗewa a mai bit 32, haka ma akasin haka, dole aka haɗa kala biyu. Sannan daga 2022 Office ya fara toshe makro da kod a fayilolin da suka zo ta intanet, wanda aka tura wa kofinsa ta imel sai ya ga maballai basa motsi, sai da aka ware folda aka sa ta cikin Trusted Locations.

Fayil ɗin bayanan ba a yarda a sa shi a OneDrive ko makamancinsa ba, irin waɗannan suna kwafar fayil ne gaba ɗaya, in mutum biyu suka rubuta a tare sai a tashi da kofi biyu masu saɓani. Kwamfutocin da ke shigar da bayanai kuma an haɗa su da waya, don yankewar Wi-Fi a tsakiyar rubutu na iya ɓata fayil. Ajiyar kariya kullum bayan an tashi, idan ɗan fayil ɗin nan mai ƙarewa da laccdb ya ɓace alamar kowa ya fita, sai a kwafa, lokaci lokaci kuma a yi Compact and Repair tunda fayil ɗin Access kumbura yake baya raguwa da kansa ko ka goge bayanai.

Abin da har yanzu bai warware ba

Binciken DCount ɗin nan, wanda ke ƙirga aron da bai dawo ba kafin a adana sabo, yana da 'yar kafa, in mutum biyu a kwamfuta biyu suka bada kaya ɗaya a daƙiƙa ɗaya duka zasu iya wucewa. A sito mai ma'aikata biyu da kanta ɗaya abu ne mai wuyar faruwa, an bar shi a haka da sani. Fom ɗin shiga da kalmar sirri da ya yi shima ado ne kawai, tsarin fayil na ACCDB da ya zo a 2007 ya cire tsaron da ke bambance mai amfani da mai amfani, duk wanda zai iya kaiwa ga foldar zai iya kwafe fayil ɗin, don haka tsaron gaske yana wajen izinin foldar ne. Iyakar girman fayil gigabait 2 ce, wannan ba zai dame shi nan kusa ba muddin bai fara cusa hotunan kaya a ciki ba, kuma mutum 255 da aka rubuta zasu iya shiga a tare a takarda ne, tun kafin a je kusa da nan abin zai fara ja.

Yanzu oga ya zo da sabuwa, yana son malamai su riƙa duba abin da ke nan ta wayarsu, kuma reshen cibiyar na biyu ya shigo ciki. Mai sito ya ce masa "ranka ya daɗe, wannan kam ya fi ƙarfin Access shi kaɗai", kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ke kan tebur yanzu shine a kwashe teburan uku a kai su SQL Server, babbar manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, fom ɗin Access su ci gaba da aiki a sito ta hanyar haɗin tebur, ɓangaren waya kuma a nemi wanda zai yi shafin intanet a kan bayanan. Teburan zasu ƙaura kusan yadda suke, kuwerin da suka dogara da Nz da DCount ne za a sake rubutawa in ana so su gudana a can. Kafin nan an sa shi ya rubuta takardar bayanin kowane tebur da kowace doka da inda take zaune, don a halin yanzu in ya tafi hutu ba wanda ya san inda zai taɓa in abu ya tsaya.